Kwanon Dangwale



Duk wanda ya saba da littattafanmu na Hausa ya san yadda muke rubuta cin abinci. Amarya ta shiga kicin tun la'asar, ta fito da kuloli biyar ta jera, ango ya kai loma ɗaya ya lumshe ido, sai santi har kunne na motsi. Ni kaina na rubuta irin wannan ya fi a ƙirga, kuma masu karatu suna so. Amma da wuya ka buɗe littafi ka ci karo da yaron da aka ajiye wa tuwo ya kafe ya ce ba zai ci ba, uwa tana lallashi, kaka tana faɗa, uba ya ɗauki hularsa ya fice masallaci tun ba a kira salla ba. Alhali kuwa wannan wasan sau uku ake yin sa a rana a gidaje da yawa, kuma ya fi kishi cin ran mace.

A gidana autana ne jarumin wasan. A shekarar 2022 yana da shekara shida, abincinsa a duniya kala uku ne: taliyar nan ta yara ta cikin leda, farar shinkafa da mai ba yaji ba miya, sai burodi da shayi. In ya ga koren abu a cikin faranti, ko da ɗigon lawashi ne, ya gama da farantin. Nama ma sai ya tauna ya tofar. Yayyensa huɗu babu wanda ya yi min haka. Da muka je asibiti a kan yawan kasala da yake yi, likita ta duba cikin idonsa da tafin hannunsa, ta sa aka auna jini, ta ce jininsa ya yi ƙasa, ta rubuta magani, sannan ta ce magani ba zai maye gurbin ganye da kifi da wake ba. Da na dawo na faɗa wa Hajiya, mahaifiyar maigidan, sai ta ce, "Ke dai kin cika sanya. A zamaninmu a cinya ake matse yaro a yi masa ɗura, ga su nan sun zama mutane." Ban yi mata musu ba, don ba a musu da Hajiya, amma ɗura kam ban yarda da ita ba, na sha jin labarin yaran da kunu ya bi musu ta hanyar numfashi.

A cikin wannan hali ƙanwata da ke aure a Jidda ta haihu, na tafi zaman jego na sati shida a lokacin dogon hutu, na tafi da Auta don babu wanda zai iya da rigimarsa in na bar shi. Ƙofar da ke kallon ta ƙanwata a benen, ta wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar ƙasar Filifin. Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibitin Saudiyya ya san su, su ne suka cika ɗakunan jinya. Mu ma a Arewa ba baƙi ba ne, yayyenmu da suka yi sakandare a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 da yawansu malaman Filifin ne suka koya musu lissafi da kimiyya. Sista muke ce mata. Ita kuma da ta ji na girme ta sai ta riƙa ce min "Ate", wato Yaya a harshensu, ta kuma ce wa Auta ya kira ta "Tita", kamar yadda yaranmu ke cewa Anti. Musulma ce, 'yar ƙabilar Maranao daga tsibirin Mindanao a kudancin ƙasar, tana da yara biyu, mace mai shekara takwas da namiji mai huɗu. Da guntun Larabci da guntun Turanci muke hira, inda ya gagara a ƙarasa da hannu.

Ranar wata Juma'a da ba ta da aiki ta gayyace mu cin abincin rana. Gabana ya faɗi, don na san halin mutumina, na ce mata, "Sista, yaron nan zai ba ni kunya." Ta yi dariya ta ce in kawo shi kawai.

Abin da ke kan teburin ba wani abin a zo a gani ba ne. Farar shinkafa, soyayyen kifi, kuɓewa da aka dafa ɗungurungum ba a yanka ba, gasasshen yalo irin dogon nan mai ruwan hoda, da wani ganye da suke kira kangkong. In da a gidanmu ne sai a ce mai girkin ta manta da miya. Na ɗanɗana kuɓewar, salam, ko gishiri babu. Amma a gaban kowa an ajiye ɗan ƙaramin kwano, bai kai tafin hannu ba, kuma wayam, ba komai a ciki. A tsakiya ga kwalabe guda uku, ga yankakkiyar albasa da tumatir da tafarnuwa, ga ƙananan barkono, ga wasu 'yan mitsi-mitsin lemon tsami an raba su biyu-biyu.

Kafin a ce bismilla sai na ga yaranta sun duƙufa. Yarinyar ta tsiyaya baƙin ruwan kwalba ɗaya, ta matsa lemo biyu, ta tsamo 'ya'yan da cokali mai yatsu, ta ɗauki barkono ɗaya ta danne shi sau ɗaya tak a gefen kwanon ta cire. Ƙanin nata ya zuba nasa, ya ƙi barkono, ya tula tumatir. Babu wanda ya ce musu ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Sista ta tura wa Auta nasa kwanon da rabin lemo, ba ta ce masa ci ba, ba ta ko kalli farantinsa ba, ta ce, "Tita ba ta iya haɗa naka ba, kai za ka haɗa." Ta juyo muka ci gaba da hira.

Ranar bai ci kuɓewa ba, bai ci kifi ba, kada in yi muku ƙarya irin ta littafi. Ya matse lemo ya kai shida, ya zuba baƙin ruwan, ya juya, ya ƙara, ya ɓata teburin mutane. Daga can na hango ta wutsiyar ido ya tsoma yatsa ya lasa, ya yamutsa fuska, ya sake tsomawa. Sannan ya ɗiga kaɗan a gefen farar shinkafarsa ya ci wajen. Iyakar abin da ya faru ke nan. Amma ni da na shekara uku ban ga wani abu mai launi ya hau shinkafar yaron nan ba, sai da na tashi na shiga banɗaki na wanke fuska.

Sunan wannan ɗan kwano da abin da ake haɗawa a cikinsa sawsawan. Kalmar ta fito ne daga "sawsaw", wato tsomawa ko dangwalawa, don haka in na ce dangwale ban yi nisa da ma'anar ba. Ƙasar Filifin tsibirai ne sama da 7,600, mutanenta sun haura miliyan 109 a ƙidayar 2020, harsunansu sun fi ɗari, Sifaniyawa sun mulke su fiye da shekara 300 har zuwa 1898, Amurka ta karɓa har 1946. Duk da wannan rarrabuwa, Sista ta ce min daga arewa har kudu, gidan mai kuɗi da na talaka, da wuya ka zauna cin abinci ba ka ga ɗan kwanon nan ba. Baƙin ruwan da yara suka fara zubawa shi ne toyo, ruwan waken suya da aka tsima da gishiri, wanda 'yan kasuwar Sin suka kawo musu tun da daɗewa. Ɗan lemon kuwa kalamansi, bai fi girman goruba ƙarama ba, kai bai ma kai ba, bayansa kore cikinsa ruwan ɗorawa, tsaminsa da ɗan ƙamshin lemon zaƙi. In aka haɗa su biyun sunansa toyomansi, kuma yawanci da shi yaro ke fara koyo.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne matsayin mai girki. Ku dubi yadda muke a nan. Mace ta yini a gaban murhu, ta kawo miya, maigida ya ɗanɗana ya ce a miƙo masa gishiri. Wallahi in a littafi ne, babi guda zan cika da wannan kalma ɗaya, har a kai ga yaji, ba na barkono ba, na tafiya gida. In kuwa a gaban kishiya ya faɗa, to sai littafi na biyu. A wurinmu miya hukunci ce da aka riga aka yanke, naka ka ci ka yaba. Su kuwa mutanen Filifin mai girki da gangan take barin ƙofa a buɗe. Akwai wata marubuciyarsu da ta yi suna a kan rubutun abinci, Doreen Fernandez, malamar jami'a ce a Manila, ta rasu a 2002, tana da littafi mai suna Tikim, ma'anarsa ɗanɗana. Ta yi bayanin cewa a teburinsu mai ci abokin aikin mai dafawa ne, shi ke sa hannu na ƙarshe, kuma mai girki ba ta jin an raina ta don an gyara ɗanɗano, saɓanin manyan kuku na Faransa da ke ganin ƙara gishiri a girkinsu cin fuska ne. Akwai ma wata miyarsu ta gyaɗa, kare-kare, da ake yi da jelar sa da tumbi da ganyaye, kamanninta kamar taushe, wadda ake barin ta lami da niyya, don an san kowa zai ɗauko gishirinsa daga kwanon gefe.

To ka ga yaron da ya tashi a irin wannan gida tun yana shekara uku yana da ɗan yankin mulkinsa a kan tebur. Uwa ce ke zaɓen abin da za a dafa da lokacin da za a ci, wannan ba ya hannunsa. Amma yadda lomar za ta kasance a bakinsa, nasa ne. Ni kuma da na zauna na yi tunanin rigimar Auta, sai na ga yawancinta ba da kuɓewa yake yi ba, da mu yake yi. Yaro ɗan shekara shida komai nasa a hannun manya yake, lokacin barci, kayan sawa, aski, makaranta, allura. Bakinsa kaɗai ne ƙofar da yake da makullinta, shi ya sa yake tsaronta kamar soja.

Daga ranar muka zama 'yan gida, kusan kullum da yamma yara suna tare. A nan na san sauran kwalaben. Fara tas ɗin nan ita ce suka, ruwan khal ke nan, kuma su ba kala ɗaya gare su ba. Akwai na rake daga yankin Ilocos a arewa, mai duhu-duhu. Akwai na wani irin kwakwan fadama da ake kira nipa, wanda garin Paombong ya shahara da shi. Akwai na ruwan itacen kwakwa. Mutanen Iloilo suna cusa citta da tafarnuwa da barkono a cikin kwalbar su bar shi ya tsimu, su kira shi sinamak, na birnin Iligan kuma da ke kusa da garinsu Sista shi ne pinakurat. Ƙasa ce mai zafi da laima, kafin zuwan firji khal da gishiri ne ke hana kifi da nama lalacewa, shi ya sa harshensu ya saba da tsami tun kaka da kakanni. Har miyar da suka fi ji da ita, sinigang, da tsamiya ake yin ta. Na tambaye ta batun halasci, tunda ruwan itacen kwakwa in ya kwana bammi yake zama kafin ya koma khal. Ta ce abin da malamansu suka koya musu shi ne wanda namu suka koya mana, in ya juye da kansa ya zama khal ya halatta, kuma ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci. Abin da take kiyayewa shi ne miyar dangwalen da ake yi wa gasasshen alade da hanta, da duk kwalbar da ba ta gane abin da aka rubuta a jikinta ba.

Kwalba ta uku ita ce ta kusa kora ta. Patis sunanta, ruwa ne garai-garai mai launin shayi, amma in aka buɗe sai ka waiga ka ga ko wani abu ne ya mutu a bayan kujera. Ƙananan kifi ake cakuɗawa da gishiri mai yawa a zuba a randa ko tanki a rufe wata da watanni, wani har shekara. Ruwan da ya taso sama shi ne patis, dusar da ta kwanta a ƙasa kuma bagoong. Akwai wani bagoong ɗin na ƙananan jatan lande da ake soyawa da tafarnuwa da ɗan sukari, shi ake ci da kare-kare. Da na toshe hanci sai Sista ta tashi ta shiga kicin ɗin ƙanwata, ta ɗauko ƙullin daddawar da na zo da ita daga Kano, ta ɗaga ta sama da yatsa biyu ta ce, "Ate, wannan fa?" Muka yi ta dariya har jaririya ta farka. Gaskiyarta. Wari ne iri ɗaya da aiki iri ɗaya, abin da aka tsima har ya saki wannan garɗin da ke sa miya ta zauna a baki. Wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, shi ya gano sinadarin a 1908, daga bincikensa aka samo farin magin nan da muke kira ajino. Su sun samo nasu daga teku, mu daga ɗorawa.

Da bagoong ɗin nan suke cin ɗanyen mangwaro, yara da masu ciki, a bakin makaranta da bakin titi. Da na ji haka na ce ashe duniya gida ɗaya ce, wace ce a cikinmu ba ta ɓoye gishiri da barkono a takarda ta tafi da shi makaranta don ɗanyen mangwaro ba? Kuma ta nan Auta ya faɗa tarko na biyu. Yaron da ba ya cin miya, sai ga shi yana dangwala mangwaro a cikin abin da ni babba na toshe wa hanci, don kawai ya ga ɗan shekara huɗu yana yi yana kallonsa ido cikin ido.

Na lura Sista tana da dokoki, ko da yake ba ta taɓa jera min su ba. Ba ta haɗa wa yaro, sai dai ta riƙe masa kwalba in ta yi nauyi. Ba ta cewa "ka gani, ai na faɗa maka da daɗi", in yaro ya ci sabon abu yi take kamar ba ta gani ba. In ya haɗa abin da ba ya ciyuwa, a zubar a ɗauraye kwano ya sake, shi ya sa kwanon yake ƙarami, asarar ba ta wuce cokali biyu. Kullum akwai abu ɗaya a teburin da ta san yaron yana ci, don kada yunwa ta shigo cikin rigimar. Abin da aka gutsira kuma ba ya komawa kwanon tarayya. Ta ce wannan dokar a titi ake koyon ta, wurin masu tura kurar ƙwallon kifi da ƙwan salwa da ake soyawa cikin ƙullu mai ruwan lemo, inda ake jera kwalabe masu faɗin baki, mai zaƙi da mai yaji da khal, kowa ya tsoma tsinkensa sau ɗaya. Wanda ya gutsira ya mayar, mai kura zai yi masa tatas a gaban jama'a.

Akwai kuma jan abu mai zaƙi da yaranta ke dangwala soyayyen ƙwai da kaza a ciki, na ɗauka tumatirin kwalba ne irin wanda muka sani, ashe da ayaba ake yin sa, a sa khal da sukari da kayan ƙamshi a rina shi ja. Sunan da ake dangantawa da shi Maria Orosa, wata masaniyar haɗa magunguna da sarrafa abinci 'yar lardin Batangas, wadda ta yi karatu a Amurka ta dawo gida da burin ƙasarta ta daina dogaro da abincin gwangwani na waje. Tumatir yana wuya, ayaba kuwa har ruɓewa take, sai ta ce a yi da abin da ake da shi. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da Japan ta mamaye ƙasar, ta ƙi barin Manila, aka riƙa satar shigar da garin waken suya da na dusar shinkafa da ta ƙirƙira cikin sansanonin fursunoni, ya ceci mutane da yawa daga yunwa. Ɓarɓashin bam ne ya kashe ta a watan Fabrairun 1945. Na ce Allah Sarki, ga jaruma ta gaske, mu muna nan muna ta rubuta 'yar mai kuɗi da direban babanta.

Amma abin da Sista ta fi ji da shi ba ya cikin kwalaben kanti. Wata 'yar kwalba ce a can ƙuryar firji, ta naɗe murfin da leda. Palapa, abin dangwalen Maranao. Ana yin sa da wata irin albasa mai kama da lawashi da suke kira sakurab, a daka da citta da barkono da gishiri, wani a soya da kwakwar da aka kankare aka gasa. Ta ce a garinsu abinci ba ya zama abinci sai da shi. Garin nasu Marawi ne, a bakin tafkin Lanao, wanda aka yi wata biyar ana yaƙi a cikinsa a 2017 tsakanin sojoji da masu tayar da ƙayar baya, tsakiyar birnin ya zama kufai. Gidansu yana cikin wanda ya rushe. Mahaifiyarta ta koma Iligan wurin dangi, daga can take daka palapa ta ba duk wanda zai taho Jidda. Yaranta a Saudiyya aka haife su, Larabcinsu da Turancinsu sun fi Maranao ɗinsu ƙarfi. Ta ce min, "Ate, in harshen magana ya ɓace musu, kada na baki ya ɓace." Kullum sai ta ɗiba da bakin cokali ta ajiye a gefen farantinsu, ko sun ci ko ba su ci ba. A satinmu na biyar ta buɗe ta ba Auta, ni kuwa na san abin da ta ba shi ba ƙaramin abu ba ne. Ya dangwala da kifi, ya sha ruwa kofi guda, hawaye na zuba, ya ce, "Tita, ƙara kaɗan."

Babbar 'yata tana karatun jinya, da muka dawo na ba ta labari sai ta ce ai duk wannan yana cikin littattafansu. Ƙin baƙon abinci ɗabi'a ce da ke tsananta tsakanin shekara 2 zuwa 6, kuma sau da yawa sai yaro ya ɗanɗana abu sau goma ko fiye kafin ya karɓe shi, mu kuwa daga na uku muke yanke hukunci mu ce ba ya so. Ta nuna min wani bincike da aka buga a Amurka a 2012, wanda Jennifer Fisher ta jagoranta, inda aka ba 'yan nazare wani koren kayan lambu mai ɗaci-ɗaci da ake kira burokoli. Yaran da Allah Ya yi harshensu da saurin jin ɗaci, da aka haɗa musu da abin dangwale, abin da suka ci ya ƙaru da kashi 80 cikin ɗari. Gishiri yana danne ɗaci a kan harshe, wannan sananne ne. Wani binciken kuma na 2003 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na yara 'yan shekara 5 zuwa 9 suna son tsami mai tsananin da iyayensu ba za su iya ba. Wannan kam ba sai Bature ya faɗa min ba, na ga yadda ake wawar tsamiyar biri da agwaluma a ƙofar Islamiyya.

Sai dai ta ja min kunne a kan gishiri, kuma ya kamata in isar. Toyo da patis gishiri ne tsagwaronsa. Babban cokali ɗaya na toyo yana ɗauke da gishirin da ya kai giram 2, patis ya fi haka, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a yini, yaro kuma ƙasa da haka. Su kansu mutanen Filifin hawan jini yana damun su ƙwarai, Sista da bakinta ta faɗa min. Dabarar ita ce abincin ya zo da ƙarancin gishiri tun daga tukunya, lemo ya fi toyo yawa a kwanon, kuma jaririn da bai shekara ba babu ruwansa da wannan sha'ani. Yaron da jikinsa ba ya karɓar kifi ko jatan lande ko gyaɗa ko waken suya, a kiyaye. In a tukunya an riga an jefa dunƙule huɗu sannan aka kawo kwanon dangwale, an tara wa yaro ciwo ne kawai.

A Kano babu kalamansi, patis kuma sai an sha yawo a manyan kantuna, in an samu ma kuɗinsa ya isa cefanen kwana biyu. Ban wahalar da kaina ba. Mu ma ai muna da dangwale, yajin ƙuli da ƙosai, yajin tsire, mai da yaji a kan ɗanwake da awara da rogo. Bambancin shi ne namu a dake yake zuwa, an gama hukunci a turmi, kuma da yaro ya miƙa hannu sai a buge a ce zai yi maka yaji. Na je kasuwar Kurmi na sayo ƙananan kwanonin silba guda shida. Nakan ajiye lemon tsami a yanke, garin ƙuli ba barkono, barkonon daban, ruwan tsamiya, soyayyen man gyaɗa, dakakkiyar daddawa da na ɗan gasa, albasa da tumatir. Gefe guda kuma dafaffen zogale, kuɓewa ɗungurungum, gurji, karas, kabewa, kifi in an samu. Haɗin da Auta ya tsaya a kai shi ne ƙuli da lemon tsami da ɗigon mai, ya sa masa suna wai miyar Tita, ko da yake Tita ba ta taɓa ganin ƙuli-ƙuli ba sai a hannuna. Da shi ya fara cin zogale, yana dangwala ganye ɗaya-ɗaya kamar mai ƙirga kuɗi. Bayan wata huɗu muka koma aka sake auna jini, likita ta ce a dakatar da magani.

Hajiya ba ta goyi bayan abin ba, kuma har yau ba ta fasa faɗa ba. Ta ce wasa da abinci ne, kuma yaron da aka saba tambayar ra'ayinsa a kan miya, gobe a gidan mutane zai ce a miƙo masa lemon tsami ya kunyata mu. Maganarta da ƙamshin gaskiya, don ya taɓa yi a gidan wata ƙawata, sai da na zaunar da shi na bambance masa teburin gida da na baƙunta. Tuwo da miyar kuka kuwa har gobe ba ya ci. Na kai masa ya fi sau talatin, masu bincike su zo su ƙirga. Ya ce wai miyar da aka riga aka zuba a kan tuwo ba ta da wurin dangwalawa, na zuba masa ita daban a ɗan kwanonsa, ya leƙa ya ce ai wannan ba shi ya haɗa ba.

Sista ta ɗibar min palapa a 'yar kwalbar magani da za mu taho, muka yi ta tattalinsa har ya ƙare. Na gwada yin nawa da farin gindin lawashi da citta da tsiduhu da kwakwa, na ɗauki hoto na tura mata ta WhatsApp. Ta turo murya tana dariya, ta ce launin ya yi, amma in mahaifiyarta ta gani za ta ce a ƙara citta, kuma a daina niƙawa a inji, turmi ake sa shi. Na ce turmi kam ba a koya wa Bahaushiya. Sati mai zuwa in Allah Ya kai mu zan sake gwadawa, Auta ya ce shi zai yi dakan.